Matar Da Ta Yi Wa Haruffa Ƙugiya

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, mai gadi bai gama ɗage ƙofar gaba ba. Ta lungun gefe take shiga, ta ratsa ɗakin injina inda warin tawada ya kama bango, ta hau matakala huɗu zuwa wani ɗan ɗaki mai taga guda. Teburinta na jingine da bango, kujerar kuma ta ɗaure mata matashi da igiya tun kafin in san ta. Takan rataye jaka a ƙusa, ta kunna kwamfuta, kafin kwamfutar ta gama farkawa ta sauya tabarau, na hanya ya koma gidansa, na aiki ya hau hanci. Daga nan sai ta jawo kwandon ayyukan da aka tara mata jiya, ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana dubawa a hasken taga. Wani ta ajiye dama, wani hagu. Na hagun su ne za su ci mata yini.

Shekara goma sha tara ina ganin wannan, domin teburina na gefen nata. Ni ne mai gyaran rubutu a maɗaba'ar, ita ce mai zane, ta kuma riga ni zuwa da shekara takwas. Makon jiya ta ajiye aiki. Wuyan hannunta na dama ya daɗe yana yi mata gardama, har likita ya ce ta zaɓa, ko ta saki maus ɗin kwamfuta yanzu, ko nan gaba cokali ma ya gagare ta. A wurin aiki Yaya muke ce mata, har da Maigida, mai maɗaba'ar, wanda ya ba ta shekara biyar. Sauran shagunan layinmu kuwa Yaya Ƙugiya suke kiranta, kuma sunan yana da tarihi.

In an ce mai zane, mutane sukan ɗauka hotuna take ƙirƙira. Aikinta ya fi haka ɓoyuwa. Shugaban makaranta zai zo da bajon da aka yanko daga aljihun tsohuwar rigar ɗalibi, ya ce a yi masa shi babba a jikin ƙofa. Mai kanti zai turo hoton allon shagonsa da ya ɗauka da waya, a karkace, rabi cikin inuwa. Wani ko tambarin ba shi da shi, sai shatin hatimi a ƙasan wata tsohuwar wasiƙa. Hoto in an buɗa shi da yawa farfashewa yake ya koma 'yan murabba'ai, injin yanka kuwa bai san hoto ba, layi kawai yake bi. Dole wani ya zauna ya sake zana abin da layi, a kan hoton, gefe bayan gefe. Kusan duk shekara ashirin da bakwai ɗin nan, ita ce ke wannan zaman.

Layi a cikin manhajar zane yana da 'yan ɗigogi a jikinsa, inda yake tsayawa ko ya juya. Ita gaɓa take ce musu, kamar ta yatsa. Kowace gaɓa tana da kunnuwa biyu, wasu siraran sanduna da ke fitowa in an taɓa ta. A ja kunne layi ya lanƙwasa, a sassauta ya miƙe. Sana'ar ke nan gaba ɗaya: ina za a sa gaɓa, yaya za a ja kunnenta, wacce za a cire. Takan ce da'ira gaɓa huɗu ta ishe ta, sama da ƙasa da hagu da dama, duk wanda ya sa mata ta biyar kuskure yake ɓoyewa. Harafin S ne kaɗai na ji tana yi wa faɗa a fili, wai bai san inda ya dosa ba.

Ba a makaranta ta koya ba. Mahaifinta mai rubuta allunan shaguna ne da buroshi, a wurinsa ta san cewa harafi mai zagaye sai ya ɗan zarce layi kafin ido ya yarda tsawonsa ɗaya da 'yan'uwansa. Ta shigo maɗaba'a tana buga tafireta. Da aka kawo kwamfutar farko, mazan wurin suka yi ta zagaya ta kamar an ajiye musu kura a ɗaki, ita kuwa ta ja kujera ta zauna. Mijinta mai gyaran agogo ne. Babbar 'yarsu, wadda ma'aikaciyar jinya ce yanzu, ta taɓa gaya mini cewa a gidansu duk abin da ya fi ƙwayar shinkafa girma ba a ɗauke shi aiki ba. Ta ce fita da uwarsu wahala ce, don duk allon da suka wuce sai ta tsaya ta nuna musu inda aka karya wa harafi ƙugu.

Shekara shida da suka wuce Maigida ya ɗauko mai zane na biyu, magidanci mai takardu, wanda Mai Inji, mutumin da ke tuƙa babban injin bugunmu, ya laƙaba wa Mai Digiri tun ranar farko. Ya iya aiki, yana da sauri. Ya nuna mana wani maɓalli a manhajar da ke bin hoto da kansa ya fitar da layi kafin ƙiftawar ido, ya kuma ce, cikin ladabi, zamanin bin layi da hannu ya wuce. Aikinsa na farko tambarin wani kamfanin sufuri ne, barewa a guje, da za a yanka a leda a liƙa a jikin motoci. Ya danna maɓallinsa ya aika wa injin yanka. Injin ya kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, wuƙar na tafiya tana cijewa, har ta yayyaga ledar a wajen ƙafafun barewar. Yaya ta ce ya taso, ta zauna a kujerarsa, ta zuƙo zanen har ƙafa ɗaya ta cika allo. Gaɓoɓi ne jingim kamar tururuwa a kan sukari, sama da dubu uku a jikin dabbar. Ta ce masa inji yana tsayawa ne a kowace gaɓa ya tambayi hanya, shi kuwa ya jera masa masu nuna hanya dubu uku. Ba ta karɓe aikin ba. Ta zana masa ƙafa guda da gaɓa tara, ta tashi, ta ce sauran ukun nasa ne. Kwana biyu ya yi a kansu. Yau shi ke zaune a teburinta, har yanzu kuma yana danna maɓallin, amma yana bin bayansa yana shara.

Akwai wani mai walda da ke kawo mana zanen ƙofofin gida, yana kai fayil ɗin wurin masu yanka ƙarfe da wuta. Shi ya gaya mini cewa masu yankan suna gane aikinta ba tare da an faɗa musu ba. Layin da ya fita dole ya zagayo ya haɗu da mafarinsa. In an bar 'yar kafa ko da ido ba ya gani, wuta za ta bar furen ƙarfen yana reto, sai an bi da guduma, a nan kuma ake ɓata faranti guda na ƙarfe. Ya ce cikin shekara goma bai taɓa ɗaukar guduma a kan aikinta ba.

Kada a ɗauka kowane karkatacce take miƙarwa. Wata mata ta taɓa zuwa da allon katako da ruwa ya ci, na shagon ɗinkin mahaifinta wanda ya rasu. Shi ya rubuta sunan shagon da hannunsa bayan ya tsufa, haruffan na rawa, layin na gangarawa. 'Ya'yansa suna so a yanka rubutun a ƙarfe a kafa a sabon shago. Mai Digiri ya gyara shi tsaf, ya miƙar da kowane harafi. Matar ta duba ta ce ya yi kyau, amma ta ci gaba da tsayuwa tana kallon tsohon allon. Yaya ta tambaye ta ko hannun babanta na rawa a ƙarshen rayuwarsa. Ta ce ƙwarai, ko zare sai an zura masa a allura. Yaya ta ce ta dawo jibi. Ta bi rubutun yadda yake, ta cire abin da ruwa da gara suka ƙara, ta bar abin da hannun tsohon ya yi. Aikin ya ci gaɓoɓi fiye da yadda na taɓa ganin ta sa. Da matar ta dawo ta ga takardar gwaji, sai ta ce, "Wannan Baba ne." Ta nemi wuri ta zauna.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne aikin wata fasta ta liƙawa a bango, kuma ina da hannu a ciki, hannun da ba na alfahari da shi.

Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo aikin, shekara goma sha ɗaya ke nan: fasta dubu ashirin ta taimakon gaggawa, da Hausa, da za a liƙa a bangon garejoji da injinan katako da wuraren walda. Rubutun ya fara zuwa mini a takarda, na gyara shi, kowane harafi da ƙugiyarsa. Daga nan aka aika wa mai tsara shafi na ƙungiyar a wani gari, ya zuba shi cikin salon haruffan da hedikwatarsu ta wajabta. Salon ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ. Mutumin ba ya jin Hausa, ya ga 'yan akwatuna sun fito a gurbinsu, sai ya maye su da b da d da k. Da gwajin ya dawo na karanta shi. Idona ya saba da saƙon waya inda ba mai sa ƙugiya, ya riƙa sa musu ita da kansa. Na sa hannu. Jami'ar ƙungiyar ta sa hannu. Aka yi farantin bugu, wato ƙarfen da inji ke ɗaukar rubutu daga jikinsa, Mai Inji ya ɗora takarda. Motar da za ta kwashi aikin kuma washegari da safe za ta zo.

Ba ma aikin Yaya ba ne. Neman almakashi ta sauko, ta ga gwajin a kan teburin Mai Inji, ta tsaya. Sai ta kira ni, ta ɗora yatsa a layi na uku.

"Mai Jan Biro, karanta mini wannan yadda aka rubuta shi, ba yadda ka san shi ba."

Abin da ya kamata ya fito shi ne: idan an yanke jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaure, a garzaya asibiti. Abin da ke kan takardar kuwa: a daure. Mutum jini na kwarara daga hannunsa, fasta na gaya masa ya yi haƙuri ya cije. A ƙasa kuma, da jan rubutu, inda aka so a ce kada a ɓata lokaci, an rubuta kada a bata lokaci. Mai Inji ya leƙo ya tambaya wace ce wannan baiwar Allah da aka hana a ba ta lokaci. Shi kaɗai ya yi dariya.

Ta ce wa Mai Inji kada ya tayar da injin. Ba ta da ikon faɗin haka, shi ma ya sani, amma ya janye hannunsa.

Maigida ya sauko ransa a ɓace. Hujjojinsa ba na banza ba ne: masu aiki sun amince, an sa hannu, an yi faranti, kuma duk mai jin Hausa zai gane abin da ake nufi daga abin da ke gaba da baya. Yaya ta ce shi da ya yi makaranta zai gane. Wanda ke haɗa baƙi da ƙyar, ga abokin aikinsa a ƙasa cikin jini, abin da ya gani shi zai karanta. Aka kira jami'ar a waya. Ta ce ta fahimta, amma ba ta da ikon sauya salon haruffa, doka ce daga sama, neman izini kuma sai ya ci mako uku, alhali an riga an sa ranar rabawa.

"Ba sauya shi zan yi ba," in ji Yaya. "Wanda ya zana shi ne bai gama ba. Zan ƙarasa masa."

Maigida ya dubi agogo, tara da kwata. Ya ce in ƙarfe biyu ta yi ba ta miƙa sabon fayil ba, da tsohon faranti zai buga, don bayan biyu mai yin faranti ba ya karɓar aiki. Ya ƙara da cewa in jami'ar ta ƙi abin da ta zana aka rasa aikin, to ta san inda ƙofa take. Ta ce ta sani, shekara goma sha shida tana bi ta cikinta.

Na ja kujerata kusa da tata. Haruffa uku ne, manya da ƙanana, shida. Fastar kuma ta yi amfani da siriri da mai kauri, sha biyu ke nan. Na zaci za ta zana 'yar ƙugiya ɗaya ta bi tana liƙawa. Ta ce ai shi ya sa ake ganin haruffan wasu littattafai kamar an rataya wa sanda lauje. Kowane salo yana da irin lanƙwasarsa, kuma yana ɗauke da ita a kan harafin f. Ta mayar da rubutun duka layi, ta ciro f, ta yanke kansa, ta ɗora a saman sandar k. A mahaɗar sai ga ɗan doro. Ta zuƙo shi, ta share gaɓa biyu, ta daidaita kunnuwan wadda ta rage har suka kwanta a miƙe, doron ya baje. Ta ja baya ta duba, ta ce ƙugiyar ta yi nauyi, harafin zai kife. Ta goge ta sake. Wannan harafi guda ya ci minti arba'in, ni kuwa hankalina na kan sha ɗayan da suka rage.

Sauran sun fi sauri, ko da yake kowanne da halinsa. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa dama ta shiga gonar harafin da ke bin ta, sai an matsa masa. Ta ɓ tana sunkuyowa kan cikinsa, in ta yi tsawo sai su haɗe su zama dunƙulen tawada. Manyan Ɓ da Ɗ ta hagu suke ɗaukar tasu. Ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma tsaya ba. Shayin da aka kawo mata ya huce inda aka ajiye shi. Wajen sha biyu da rabi ta gama, ta buga layi na uku a ainihin girmansa, ta liƙa a bangon can ƙarshe, ta aika a kira Mai Inji, wanda karatunsa sai a hankali. Ta tsayar da shi a bakin ƙofa ta ce ya karanta. Ya bi kalma-kalma, da ya zo wurin ya ce a ɗaure, ko tuntuɓe bai yi ba. Ta cire takardar.

Saura dasawa. Tunda rubutun ya zama zane, babu maɓallin da zai nemo ya sauya. Wuri tamanin da shida ne, kowanne sai an cire tsoho an sa sabo da hannu. Ni ke karantawa ina kiran layi da kalma, ita tana dasawa. Sau biyu na tsallake, sau biyu ta ce in koma baya. Biyu saura minti goma ta miƙa wa Maigida fayil. Ya karɓa, ya fita da kansa zuwa wurin mai faranti.

Jami'ar ta zo da la'asar ta ga sabon gwaji. Ta ɗora shi kusa da tsohon, ta daɗe tana nema, ta ce ita ba ta ga inda aka taɓa salon nasu ba. Sannan ta tambaya wa ya bar kuskuren ya wuce tun farko, don sai ta rubuta rahoto. Ina buɗe baki Yaya ta riga ni.

"A ɗakinmu ya wuce, a ɗakinmu aka kama shi. Ki rubuta haka."

Haka ta rubuta. Daga ranar zuwa yau Yaya ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa, ko a ranakun da muka saɓa, kuma mun saɓa ba sau ɗaya ba. Yanzu na faɗa da bakina: ni ne na fara sa hannu.

Ban san ko akwai wanda ya rayu saboda wannan ƙugiya ba, ba kuma zan ƙirƙiro shi don in ƙawata labari ba. Abin da na sani, bara na je sayen katako na ga fastar a bangon wurin, rana ta cinye jan, dusar katako ta lulluɓe ta, layi na uku yana nan ana karanta shi daidai. Ƙungiyar ta nemi haruffan ta ci gaba da amfani da su a wasu takardunta. Ba a rubuta sunan Yaya a ko'ina ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Bayan wannan ne ta ɗaura wa kanta abin. Duk ranar da kwando ya yi sauƙi, sai ta ɗauko ɗaya daga salon haruffan da masu su suka saki don kowa ya gyara, ta yi masa ƙugiyoyi, ta shirya shi yadda za a iya rubutu da shi kai tsaye. Ta yi wa talatin da ɗaya. Masu shagunan layinmu, waɗanda abokan gasarmu ne, suka riƙa aiko da filashi ana zuba musu. Maigida ya taɓa ƙorafi cewa tana wasa wa maƙwabta wuƙa. Ta ce masa littafin da jikansa zai karanta ba lallai a nan za a buga shi ba. A nan sunan Yaya Ƙugiya ya samo asali.

Ba waliyyiya ba ce, ba za ta kuma gode mini ba in na mayar da ita haka. Tana da nawa; akwai masu kawo aiki da suka gaji da jira suka tafi wani wuri. Ba ta iya rarrashi ba. In ka kawo tambarin da ƙanenka ya zana maka, ka tambaye ta yaya ta gani, za ta gaya maka. Ta taɓa yin kwana uku ba ta yi mini magana ba saboda na ce wani layi ai ba wanda zai lura. Amsar da ta ba ni a rana ta huɗu ita ce, ita ta lura.

Yaya, ke ce zaren da ke cikin riga, ba a ganinki, ba kuma a sa rigar in ba ke. Ke ce kika zana rabin allunan titinmu, da bajon makarantun da 'ya'yanmu suka sa a ƙirji, da hatimin ofisoshin da ba su san da ke ba. Aikinki in ya yi kyau ba mai tambayar wa ya yi, sai in ya lalace. Katin mai gyaran takalmi da tambarin babban kamfani da mudu ɗaya kike auna musu. Ke ce kika rufa mini asiri ranar da kike da ikon tona shi, alhali ke aka nuna wa ƙofa, ba ni ba.

Ranar ƙarshe ba a yi wani taro ba, ta hana. Ta yi aikin da ke gabanta, tambarin wani shagon gyaran keke, tana tallafe wuyan hannun dama da na hagu. Da azahar ta kira Mai Digiri ta nuna masa inda komai yake: fayiloli sama da dubu huɗu, kowanne da sunan mai shi da shekara, har da na shagunan da suka daɗe da rufewa, wai ko 'ya'yansu za su zo nema. Maigida ya hau matakalar, abin da ba ya yi sai da dalili, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota. Ya ce mata in ta ga dama ta riƙa leƙowa. Ta ce in ta leƙo za ta ga abin gyara, in ta gani kuma za ta zauna, gara a bar ta a gida. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa, ranar fastar nan ita ce da gaskiya. Ta ce ta sani. Mijinta ya zo ɗaukarta ƙarfe biyar, ya gaisa da kowa, suka tafi.

Ta ce za ta riƙa koyarwa a gida, Talata da Alhamis, da baki da yatsan nuni, ga duk wanda ya zo da kwamfutarsa ya kuma yarda a sa shi ya sake abu sau goma. Mutum huɗu sun riga sun ba da suna, cikinsu har da wata tela mai son ta riƙa zana wa injin surfaninta da kanta.

Mun gode, Yaya. Ni na gode, Mai Inji ya ce in sa shi a ciki, Mai Digiri ma haka. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya sa ki daɗe kina ɗaukar jikokinki da shi.

Masu zane da ke tasowa, inji zai ƙara sauri kowace shekara, ba kuma laifi ba ne ku hau shi. Amma kafin ku saki aiki, ku zuƙo shi ku ga abin da kuke miƙa wa mutane, ku karanta abin da ke rubuce kamar wanda zai buƙace shi ranar da ba shi da lokacin tunani. Sauranmu kuwa, masu kai aiki mu dawo mu karɓa a teburin gaba, mu yaba wa wanda ya miƙo mana, mu sani akwai wani ɗaki a bayan kowace maɗaba'a, da wani ko wata a ciki da ba a taɓa tambayar lafiyarsa ba. In kun je karɓar aiki, ku nemi a nuna muku ɗakin, ku shiga ku ce sannu da aiki. Wataƙila ba za a ɗago kai a dube ku ba, don hannu bai gama jan layi ba. Ku faɗa duk da haka. Ana ji.